Zaman Iyali: Garka ɗaya, baki uku a Dabaga

Dabaga tana cikin duwatsun Abzin, a bakin ƙoramar Telwa, kamar kilomita 45 arewa maso gabas da Agadas. Mutanen wurin masu garka ne da masu kiwo. Suna noman albasa, da tafarnuwa, da dankalin turawa, da tumatur, da alkama, da masara. Akwai dabino, akwai lemu. A da, raƙumi ko sa ke jan guga a bakin rijiya, yaro yana kora shi, ruwa yana bi ta hanyarsa zuwa fangali. Yau yawancin garake inji ke ba su ruwa. Inji ya rage wahala, amma shi ba ya cin ciyawa. Kuɗi yake ci.

Zancen wannan wata a kan ƙaramin gida ne, irin wanda ba a rasa ba a kowace unguwa. Mai gida saurayi ne, garka ɗaya gare shi. Matarsa ta haifu. Kafin ciki ya tsufa tana saƙar tabarma da kaba, tana kai cuku kasuwa, tana samun na sabulu da na gishiri. Yanzu tana jego, sana'a ta tsaya. Hanyar samu ta koma ɗaya, bakin ci ya zama uku. Na ukun bai iya magana ba, amma shi ne ba ya jira.

Ma'aikacin gwamnati yana karɓar albashi sau 12 a shekara. Mai garkar albasa yana ganin babban kuɗi sau ɗaya, in Allah ya taimake shi sau biyu. Albasar Abzin tana fita bayan damina, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa. Shi ya sa take daraja. Manyan motoci suna ɗaukarta daga Agadas su yi kudu da ita, har ƙasashen bakin teku. Ranar da aka biya mai garka, aljihunsa ya cika. A ranar ne kuma haɗari yake. Mai kanti yana jira. Mai esansi yana jira. Ƴan uwa sun ji labari. Ga babur ana tallarsa, ga salula sabuwa. Wata uku ba su cika ba kuɗi sun watse, saura wata tara.

Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci yana da makami a nan: littafi da alƙalami. Ga misali, kowa ya sa nasa lissafi a wurin wannan. A ce albasa ta ba da jika 400. Bashin esansi, da iri, da taki, da buhu, da kuɗin mota sun cinye jika 160. Saura jika 240. Wannan shi ne abin da gida ya samu, ba 400 ba. In an raba 240 gida 12, kowane wata yana da jika 20. In an raba jika 20 gida 30, kowace rana tana da dala 133. Mai gida da ya ga dala 133 rubuce da hannunsa ba zai sake cewa shi mai jika 400 ba ne. Da yawa ba su taɓa yin wannan rabo ba. Ba don ba su da hankali ba, don dai kuɗin da ya zo a dunƙule yana kama da mai yawa.

Abu na farko da ya kamata kuɗin albasa ya saya shi ne hatsi. Dabaga ba ƙasar gero ba ce. Tun zamanin ayari daga kudu gero ke zuwa, daga Damargu da Damagaram da ƙasar Maraɗi. Kakanni suna kai gishirin Bilma da dabino, su komo da hatsin shekara. Ba su sayen tiya ɗaya yau, tiya ɗaya gobe. An yi sa'a, lokacin da albasa ke fita shi ne lokacin da aka gama girbi a kudu, hatsi yana arha. Daga bazara zuwa tsakiyar damina sai ya hau. Buhun kilo 100 yana ɗaukar kamar tiya 40. Gidan da ke cin tiya ɗaya a kwana biyu, tiya 15 ke nan a wata, tiya 180 a shekara, buhu huɗu da rabi. Mai gida ya auna na gidansa, ya saya a kaka, ya ɗora buhu bisa itace ko duwatsu don kada ya taɓa ƙasa. Inda akwai bankin cimaka ko koperatif, a haɗa kuɗi a sayo tare, kuɗin mota ya ragu. Mai jego da ke shayarwa tana bukatar ci fiye da da. Hatsin da ke cikin ɗaki nata ne, ta nan kuma ya zama na jariri.

Sai zancen suna. Nan ne gidaje da yawa ke karyewa tun yaro yana da kwana bakwai. Yankan suna sunna ce mai kyau. A mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ta isa, ko namiji aka haifa ko mace, kuma ba a ɗora wa wanda ba shi da hali ba. Abin da ya wuce haka al'ada ce: rago na biyu, buhun shinkafa, turmin zane iri ɗaya, makaɗa, goro da alewa na gari duka. Ba wanda ya ce kada a yi murna. Amma ciki wata tara yake. Wanda ya sayi ɗan tunkiya tun ciki yana da wata uku, ya kiwata shi da ganyen garka da dusa, ran suna ba ya bin kowa roƙo. Wanda ya jira sai an yi guɗa, dillali ne zai faɗa masa kuɗi.

Mata kuma suna da nasu. Abin da ƙawa ta kawo ran biki ba kyauta ba ne tsantsa. Ana tuna shi, ran nata biki a mayar, a wasu wurare har da ninki. Mai jego ta sa a rubuta wanda ya kawo da abin da ya kawo. Kuɗin biki kada su tafi duka ga kwano da zane. Rabinsu, ko fiye, bashi ne da zai zo neman mai shi.

Akwai abinci ɗaya da ba a saya, shi ne nonon uwa. Ma'aikatan lafiya, tun daga Hukumar Lafiya ta Duniya har ungozomar ƙauye, bakinsu ɗaya: daga haifuwa har wata shida, nonon uwa kaɗai. Ba ruwa, ba madarar akuya, ba jiƙo. Tsofaffi za su ce, a zafin Abzin yaya za a hana yaro ruwa? Tambaya ce ta tausayi, amma amsarta tana nan. Yawancin nono ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta. Uwa ce za ta sha ruwa da yawa, ta riƙa ba yaro mama duk lokacin da ya nema. Nono na farko, dakashi, wanda wasu ke tatsewa su zubar, shi ne maganin farko da Allah ya tanadar wa jariri. A ba shi tun sa'ar da aka haife shi.

Madarar gwangwani ta jarirai tana da tsada, kuma gwangwani ɗaya kwanaki kaɗan yake yi. In kuɗi sun gaza sai a riƙa tsarma ta da ruwa da yawa don ta daɗe, yaro ya rame. In ruwan rijiya ne ba a tafasa ba, ko kwalbar ba ta wanku ba, sai zawo. Ga kuɗin madara, ga kuɗin magani. Uwar da nononta ya ƙi zuwa, ko wadda ba ta da lafiya, ta je gidan likita a duba ta a ba ta shawara. Amma wadda ke da nono, kuɗin gwangwani gara a sayo mata nama da wake da mai.

Bayan wata shida yaro yana fara cin abinci, yana kuma ci gaba da shan mama har shekara biyu. Nan ma garka ta wadatar. Kunun gero mai kauri, a sa masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da ɗan mai. Dafaffen dankali a murje. Karas, kabewa, ganyen zogale, ƙwai, ruwan lemu. Madarar akuya in an tafasa ana iya zubawa cikin kunu. Duk wannan yana kusa da gida. Fangali ɗaya a gefen albasa, na miya da na yaro, ba ya rage wa mai garka komi, kuma yana hana fitar kuɗin cefane kullum. Biskit da alewar kanti suna cika ciki, ba sa gina jiki.

Tufafin jariri ba sai an daɗe a kansu ba. Wata biyu ya fi ƙarfin riga. Ta yayyensa ko ta ɗan maƙwabta ta isa, ga gwanjo a kasuwar Agadas. Tsohon zane mai laushi a yanka shi, a riƙa wankewa ana shanyawa a rana. Ƙunzugun kanti da ake sawa sau ɗaya a yar, a bar shi sai ranar tafiya. Abin da ba a yi masa rowa shi ne sabulu, da bargo da hula, don sanyin duwatsun Abzin a watan Disamba da Janairu ba wasa ba ne ga jinjiri.

Wajen lafiya, gwamnati ta ɗauke wani kaya. A shekarar 2006 aka yanke cewa awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati. A 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita, aka ce haifuwa kyauta ce. Allurar rigakafi ma ba a biya. Ana yi wa jariri ta tarin fuka da ɗigon shan inna tun haifuwa. A koma yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. In ya kai wata 9 a yi masa ta ƙyanda da ta shawara. Ma'aikacin lafiya zai rubuta sauran ranaku a kati. Katin nan a adana shi kamar takardar gona. Haka takardar haifuwa: in an sanar da wuri ba a biyan komi, in an makara sai an bi ta wurin alƙali, ga tafiya ga ɓata kwanaki.

Amma a faɗi gaskiya. Kyauta a takarda ba kullum take kyauta a hannu ba. Wani lokaci maganin ya ƙare a gidan likita, sai a rubuta a ce a sayo a farmasi. Wani lokaci ciwon ya fi ƙarfin wurin, sai a ce Agadas. Kuɗin mota, da abincin mai jinya, da kwanakin da garka za ta yi ba mai ita, duk a wuyan mai gida suke. Kuma ciwon yara ya fi yawa da damina, lokacin sauro da gurɓataccen ruwa. Lokacin ne kuɗin albasar bara suka ƙare, ta bana ba ta nuna ba. Lokacin ne kuma Telwa ke kawo ruwa ta tsare hanya. Mutumin da ɗansa ke zazzaɓi da dare ba ya ciniki. Duk abin da ɗan kasuwa ya ce, ya yarda. Haka ake sayar da albasa tun tana cikin ƙasa, a rabin kuɗinta. Haka ake shiga bashin da ke cin shekara biyu.

Don haka ranar da aka karɓi kuɗin albasa, kafin a sayi komi bayan hatsi, a ware kuɗin ciwo. Ko jika 20 ne, ko 30. A ƙulle shi dabam. Ba na suna ba ne, ba na salla ba ne, ba na esansi ba ne. Uwar yaro ta san inda yake, ta kuma sami izinin taɓa shi in mai gida ba ya nan. Wannan magana ta fi nauyi yanzu. Tun 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, samari da yawa na jihar Agadas suna tafiya su yi watanni. Wani ya aiko, wani shiru. Yaro mai zawo ba zai jira a sami uban a salula ba.

Zawo kansa yana da taimakon farko mai arha. Akwai garin gishiri da sukari a ƙunshi, da ƙwayar zinki, a gidan likita. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari, shafaffe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, ana ba shi mama, ana kan hanyar likita. Gidan sauro kuwa ana raba shi wajen awo. Wurinsa bisa shimfiɗar uwa da ɗa ne, ba bisa irin tumatur ba. Ƙwayoyin da ake tallarsu a tire cikin rana, ba a san ranar da aka yi su ba, ba a san ƙarfinsu ba. Kuɗin da aka ba mai tire sau uku ya isa kai yaro wurin wanda ya koyi aikin.

To, a ina ake ajiya? Kowace hanya tana da ribarta, tana da ciwonta.

Kuɗi a ƙarƙashin tabarma suna kusa da hannu, kusancin ne kuma laifinsu. Ga gara, ga gobara, ga ɗan uwa mai bukata da ba a iya ce masa babu. Manya suna tuna watan Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka hau. Suna tuna 2004, da aka canza takardun kuɗi, wanda ya binne tsofaffi bai fito da su cikin lokaci ba ya tashi da takarda. A 2023, da aka rufe iyakoki, shinkafa da magani suka yi tsada cikin ƴan makonni. Wanda ya riga ya mai da kuɗinsa hatsi bai ji zafin kamar sauran ba.

Akuya ajiya ce mai haifuwa. Cikinta wata biyar ne. Tana ba mai jego nono, tana ba da cuku, ran matsuwa a kai ɗanta kasuwa. Fulani suna da haɓɓanaye, a ba mutum aron dabba ta haifa masa, ya mai da uwar ya riƙe ƴaƴan. Gidan da ba shi da ko akuya ɗaya yana iya farawa ta haka. Amma wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san dabba tana mutuwa, kuma ran da kowa ke sayarwa ba ta da kuɗi. Garka ma ba ta tsira ba. Daren 1 ga watan Satumba 2009 ruwan Telwa ya yi ɓarna a Agadas, garake da rijiyoyi da yawa suka lalace a Dabaga da Tabelot. Dukiyar gida kada ta taru wuri ɗaya: wani abu a hatsi, wani a akuya, wani a kuɗi.

Hanya ta uku ta mata ce, kuma a ƙasar nan aka haife ta. A shekarar 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauye a kan asusun da ake kira Mata Masu Dubara. Ya ɗara adashe. Mata kamar 20 ko 30 suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke. Kuɗin suna cikin akwati mai makulli uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta, ta mayar cikin lokacin da aka sa. Da yawa suna da ƙaramin asusu na biyu don ciwo da rasuwa. Ƙarshen zagaye a fasa, kowace ta ɗauki rabonta. Daga Maraɗi dubarar ta bazu cikin Nijar, ta fita zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Mai jego da ba ta da sana'a yanzu tana iya shiga, in mai gida ya ba ta zubin mako. Dala 50 a mako, cikin mako 52, dala 2600 ke nan, wato jika 13. Matan Dabaga da suke da wayo sukan so a sa ranar fasa akwati a farkon damina, ba a lokacin albasa ba. Lokacin albasa kowa yana da kuɗi.

Daga ina dala 50 ɗin za ta fito? Nan sai mai gida ya dubi butar shayinsa. A Abzin ba a raba namiji da shayi, kuma ba wanda zai ce a bar baƙo ba a dafa masa ba. Amma alƙalami ba ya jin kunya. A ce ganyen shayi da sukari da gawayi da taba suna cin dala 40 a rana. A wata dala 1200, jika 6. A shekara jika 72. A misalin da ya gabata, gidan duka jika 240 gare shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi cikin ƙaramin kofi. In an dafa sau biyu a rana maimakon sau huɗu, jika 36 sun dawo gida. Zubin matar ya fita ciki, har da saura na kuɗin ciwo. Katin salula ma a rubuta shi mako ɗaya a gani. Maza da yawa suna ƙorafin mata sun cika sayen turare, su kuwa ba su taɓa ƙidaya nasu ba.

Wajen inji kuma akwai abin ragewa. Ban ruwa da sassafe ko da marece ya fi na tsakar rana, don rana ba ta shanye shi. Tiyo mai yoyo esansi yake zubarwa. Wasu masu garka a jihar Agadas sun juya injinsu ya koma aiki da gas na tukunya, wasu sun sa mai aiki da hasken rana. Na rana yana da tsada wajen saye. Mai jariri kada ya ci bashi dominsa shi kaɗai, sai dai in maƙwabta sun haɗu ko ta hanyar koperatif.

Saura magana ɗaya da ba a cika yi a fili ba. In ciki ya shiga yaro bai kai yaye ba, uwa ta gaji, na goye ya rasa nono, na ciki ya zo da rauni, sana'ar uwar kuma ta ƙara nisa. Tun da can tsofaffi suna ƙin rurrutsa, suna so yaro ya yi shekara biyu. Gidan likita yana ba da shawara a kan tazarar haifuwa. Miji da mata su je tare.

Wata shida zuwa bakwai bayan haifuwa, yaro ya fara zama, uwa tana iya komawa ga kaba da cuku a hankali, yana goye ko yana hannun kaka. Kuɗin farko da ta samu nata ne. In ta ga dama ta ƙara zubinta a akwati daga dala 50 zuwa dala 100. Mai gida kuwa ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya rubuta ranar da ya zuba irin albasa, da litar esansi ta farko da ya saya.